Yadda Ake Ƙiyasta Amfanin Masara na Gari Guda Daga Gonaki Kaɗan

Idan kaka ta yi, ka shiga Unguwar Hajji da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye ka tambayi manoma yadda masara ta yi bana, amsoshin ba za su zo ɗaya ba. Wanda ya samu taki da wuri zai ce sai godiya. Wanda ƙuduji ya cinye wa rabin gona zai ce shekarar ta zo da gardama. Kowa gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar gonarsa kaɗai. Ita kuwa ƙungiyar manoma da ke son neman rancen taki, ko kama sito, ko ƙulla ciniki da ɗan kasuwa daga Dawanau, amsa ɗaya take buƙata: idan an haɗa gonakin 'ya'yanta an raba daidai, buhu nawa hekta guda ta bayar?

Auna kowace gona ba zai yiwu ba. Abin da masana ƙididdiga ke yi shi ne su auna gonaki kaɗan, su fitar da matsakaicinsu, sannan su faɗi iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama, waɗanda suke da ƙwarin gwiwar cewa ainihin matsakaicin dukkan gonakin yana tsakaninsu. Wannan ita ce tazarar amincewa. Ana koyar da ita a darussan farko na ƙididdiga a jami'o'i da kwalejoji, amma duk wanda ya iya tarawa da rabawa, yana kuma da kalkuleta a wayarsa, zai iya fitar da ita.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana fitar da rahoton yadda damina ta kasance duk shekara, hukumar KNARDA tana da malaman gona a ƙananan hukumomin Kano, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta yi ƙidayar harkar noma a 2022. Sai dai irin waɗannan rahotanni sun fi magana a kan jiha ko ƙasa baki ɗaya. Mai son sanin halin mazaɓarsa, shi zai ɗauki igiya da sikeli.

Kayan aiki

Ana buƙatar igiya mai tsawon mita 40 da aka yi wa ƙulli a kowane mita 10, da wata igiyar mai tsawon mita 14 da santimita 14, da turaku huɗu, da tef ɗin awo, da sikelin rataye mai nuna kilo da rabinsa, da buhuna, da alƙalamin da rubutunsa ba ya gogewa a jikin buhu, da littafi. Kafin a taka gonar kowa, a sanar da dagaci da masu unguwanni, a kuma fahimtar da manoma cewa masarar da aka auna za a mayar wa mai ita, ba haraji ake ƙullawa ba. Inda mutane suka yi zargin haraji, ko suka sa ran tallafi, amsoshinsu kan karkata.

Mataki na ɗaya: a san waɗanda ake magana a kansu

A rubuta jerin dukkan gonakin masara da ake son yi wa hukunci, kowace da lambarta. Mutum mai gona uku, lamba uku zai samu. Abin da ba ya cikin jerin nan, sakamakon bai shafe shi ba. Idan gonakin 'yan ƙungiya aka jera, ba za a fito daga baya a ce haka Ƙaraye da Rogo suka samu ba.

A nan kuma ake raba abin da bai kamata a cakuɗa ba. Gonar masara zalla daban take da wadda aka haɗa da dawa ko wake. Gonar fadama, irin ta yankin madatsar ruwa ta Challawa, daban take da ta tudu. Ƙaramar gonar bayan gida da ke shan takin dabbobi daban take da babbar gonar daji. Idan bambancin yana da yawa, a yi wa kowane rukuni jerinsa da lissafinsa.

Mataki na biyu: ƙuri'a

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Dillalin hatsi a kasuwa ba ya yarda da buhun da mai kaya ya ajiye a gaba. Yakan soka ƙarfensa a na tsakiya da na ƙasa, inda shi ya ga dama. To haka zaɓen gona yake. Idan aka bar shugaban ƙungiya ya nuna, gonakin da ba za su ba shi kunya ba zai nuna. Idan aka bar mai awo ya zaɓa, na bakin hanya zai ɗauka, inda babur ke kaiwa.

A rubuta kowace lamba a 'yar takarda, a naɗe su iri ɗaya, a zuba a ƙwarya, a gauraya sosai, a sa yaro ya ɗebo adadin da ake so a gaban jama'a. Lambar da ta fito, ta fito. Ko gonar tana da nisa, ko ruwa ya cinye ta, ba a musanya ta. Gonar da ba ta ba da komai ba, a rubuta mata sifili, domin ita ma tana cikin labarin shekarar. Sai a je wurin masu gonakin da suka fito a sa ranar awo da su, kada su riga ku karya masara, kada kuma a yi ta cire ɗanya ana gasawa a wurin da za a auna.

Mataki na uku: yanka filin awo

A cikin gonar ma ba ido ne ke zaɓen wuri ba. A tsaya a kusurwa guda, a taka tsawon gonar a ƙirga, a taka faɗinta a ƙirga. A cire taku 15 daga kowanne don kada filin ya fita daga gona. Idan tsawon ya zama taku 90, saura 75: a ja ƙuri'a tsakanin 0 da 75. Haka za a yi wa faɗin. Inda lambobin biyu suka kai ka, nan za ka kafa turken farko.

Daga nan a shimfiɗa igiyar mita 40, kowane ƙulli a kan turke, ta ba da fili mai mita 10 a kowane gefe. A ɗauko gajeriyar igiyar a ja ta daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Idan ta kai daidai, babu ragi babu ƙari, filin ya miƙe. Idan ba ta kai ba ko ta wuce, a gyara turaku, don filin da ya karkace ba ya cika girmansa.

Za a tarar da karan da igiya ta bi ta kansa, ba a ciki yake ba, ba a waje ba. Hannu yakan so ya jawo shi ciki, musamman idan goyonsa babba ne. A kafa doka tun kafin a fara: na kan igiyar gabas da ta arewa a ɗauka, na yamma da kudu a bari. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Indiya, inda P. C. Mahalanobis da P. V. Sukhatme suka inganta wannan hanya ta yankan fili a shekarun 1940, an gano cewa ƙananan filayen awo kan ba da sakamakon da ya zarce gaskiya, kuma shuke-shuken bakin iyaka na cikin dalilan. Ƙaramin fili, yawancinsa baki ne.

A karye duk masarar da ke cikin filin, mai kyau da maras kyau, a zuba a buhu, a rubuta lambar gonar a jiki.

Mataki na huɗu: shanya da awo

Ba a auna masara da totuwarta, ba a kuma auna ta da danshi. A ɓare, a shanya, a cashe, a sheƙe, sannan a ɗora a sikeli. Masarar ajiya ana so danshinta ya sauko zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari. Inda babu na'urar gwaji, a samu busasshiyar kwalba, a zuba tsabar masara da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a ɗan ajiye. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar da ita rana. Duk buhunan su bushe daidai, a kuma auna su da sikeli ɗaya, a cire nauyin buhun.

Ga amfanin zaɓen mita 10 sau 10. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce, filin awon kuwa 100 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari na hekta. Saboda haka kowane kilo guda da filin ya bayar daidai yake da buhu guda mai kilo 100 a hekta. Kilo 18 a sikeli, buhu 18 ke nan a hekta, ba sai an yi wani dogon lissafi ba.

Mataki na biyar: lissafi

Lambobin da ke tafe na koyarwa ne, don a ga yadda hannu ke tafiya. A ƙaddara an auna gonaki 9, an samu kilo kamar haka: 10, 14, 17, 18, 20, 21, 25, 27, 28.

Da farko, matsakaici. Jimlarsu 180. A raba da 9, a samu 20. Matsakaicin samfurin, wato gonakin da aka auna, buhu 20 ne a hekta.

Na biyu, a auna yadda gonakin suka bambanta da juna. A cire 20 daga kowace lamba, a ninka abin da ya fito da kansa:

10: ƙasa da 10, ninkinsa 100
14: ƙasa da 6, ninkinsa 36
17: ƙasa da 3, ninkinsa 9
18: ƙasa da 2, ninkinsa 4
20: daidai, 0
21: sama da 1, ninkinsa 1
25: sama da 5, ninkinsa 25
27: sama da 7, ninkinsa 49
28: sama da 8, ninkinsa 64

Jimlar ninkin 288 ce. A raba ta da 8, wato yawan gonaki a cire ɗaya, a samu 36. Ana cire ɗayan ne domin daga cikin lambobin nan aka fitar da matsakaicin, don haka sukan fi kusa da shi fiye da yadda suke kusa da matsakaicin gaskiya. Rabawa da 8 ke gyara wannan. Sai a nemi tushen 36, lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 36, ta hanyar danna alamar √ a kalkuleta. Amsa 6. Wannan shi ne ma'aunin bambanci: gona da gona sukan yi nesa da matsakaici da kimanin buhu 6.

Na uku, kuskuren matsakaici. Da wasu gonaki tara ne suka fito a ƙuri'a, da ba lallai a samu 20 ba. Wataƙila 18, wataƙila 23. Amma matsakaici ba ya tsalle kamar gona guda, domin mai yawa da mai kaɗan suna cike wa juna. Ana auna tsallensa da raba ma'aunin bambanci da tushen yawan gonaki. Tushen 9 shi ne 3, kuma 6 a raba da 3 ya ba da 2.

Na huɗu, lambar ninki, wadda littattafai ke kira t. Ta dogara da yawan gonakin da aka auna da kuma ƙarfin amincewar da ake so. Ga ta nan a kan amincewar kashi 95 cikin ɗari, wadda aka fi amfani da ita:

gonaki 5: 2.78
gonaki 9: 2.31
gonaki 16: 2.13
gonaki 25: 2.06
gonaki 36: 2.03
gonaki 100: 1.98

Daga nan tana ta matsowa kusa da 1.96. Wanda ya gano cewa ƙaramin samfuri na buƙatar lamba mafi girma shi ne William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin na ƙasar Ailan, wanda ya buga bincikensa a 1908 da sunan aro na Student. Shi ma da ƙananan gwaje-gwaje yake fama, har da na sha'ir a gona. Tsarin tazarar amincewa kuwa, Jerzy Neyman ɗan ƙasar Folan ne ya shimfiɗa shi a 1937.

Na biyar, a ninka 2.31 da 2, a samu kusan 4.6. A cire shi daga 20, a kuma ƙara shi a kan 20. Tazarar ta kama daga buhu 15.4 zuwa 24.6 a hekta.

Yadda ake karanta sakamakon

A littafin ƙungiya a rubuta haka: "Daga gonaki 9 da aka zaɓa ta ƙuri'a, matsakaicin masara buhu 20 ne a hekta. Da amincewar kashi 95 cikin ɗari, matsakaicin dukkan gonakin da ke jerinmu yana tsakanin buhu 15.4 da 24.6."

Kashi 95 ɗin shaida ce a kan hanyar da aka bi. Da za a yi ta maimaita ƙuri'ar, kowane karo a auna a fitar da tazara, to kimanin 95 cikin kowace tazara ɗari za su kama matsakaicin gaskiya, kimanin biyar su kuskure shi. Tamu tana iya zama cikin biyar ɗin, kuma babu alamar da za ta nuna mana haka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa yawancin gonaki suna cikin tazarar. A sake duban lambobin: 10 da 14 suna ƙasa da ita, 25 da 27 da 28 suna sama. Biyar cikin tara suna waje. Tazarar ta matsakaici ce, ba ta gonar wani ba. Don haka ba a ɗora wa manomi bashi da ita, ba a ce ya ɓoye amfani don bai kai buhu 15 ba, ba a kuma fitar da zakka da ita. Zakka tana kan abin da mutum ya auna a gidansa.

Inda take da amfani shi ne shiri. Idan gonakin ƙungiyar sun kai hekta 300, kuma girmansu bai yi nesa da juna ba, jimlar amfanin za ta faɗa tsakanin buhu 4,620 da 7,380, tsakiyarta 6,000. Mai hankali zai yi alkawarin biyan bashi da lambar ƙasa, ya tanadi wurin ajiya da lambar sama. Wanda ya riƙe 6,000 kaɗai yana iya yin alkawarin da rumbunsa ba zai cika ba.

Gona nawa za a auna?

Tazarar da ta kama daga 15 zuwa 25 tana da faɗi, kuma hanyoyin matse ta biyu ne. Ta farko, a rage amincewa. A kashi 90 cikin ɗari lambar ninkin gonaki 9 ta koma 1.86, tazarar ta zama 16.3 zuwa 23.7, amma yanzu ɗaya cikin goma za ta kuskure. A kashi 99 lambar 3.36 ce, tazarar ta buɗe daga 13.3 zuwa 26.7. Babu sabon ilmin da aka samu a nan, ciniki ne kawai tsakanin tabbaci da takamaimai.

Hanya ta biyu, ta gaske, ita ce ƙara gonaki. Da gonaki 36 aka auna aka samu matsakaici 20 da bambanci 6, kuskuren matsakaici zai zama 6 a raba da 6, wato 1, tazarar kuma ta koma kusan 18 zuwa 22. A lura da farashin: sai an ninka gonaki sau huɗu kafin kuskuren ya ragu da rabi. Mai son sanin adadin tun kafin a fara, ya ninka ma'aunin bambanci da 2, ya raba da kuskuren da zai iya jurewa, ya ninka amsar da kanta. Mai jure buhu 2 sama ko ƙasa: 12 a raba da 2 ya ba da 6, ninkinsa 36. Mai son buhu 1 kacal: 144. Ma'aunin bambancin da za a fara da shi, a ɗauko na bara, ko na 'yan gonakin gwaji.

Abin da kan ba mutane mamaki shi ne yawan gonakin garin bai cika shiga lissafin ba. Gonaki 36 da aka zaɓa ta ƙuri'a za su yi wa jerin gonaki dubu ɗaya hidima kusan yadda za su yi wa dubu goma. Sai samfurin ya zama babban kaso na jerin, kamar ɗaya cikin goma ko fiye, sannan ainihin tazarar take ɗan fi wadda aka lissafa matsewa.

A kuma kula da shekarar da amfani ya rabu gida biyu, kamar lokacin da tsutsar nan mai cin masara, wadda aka fara ganinta a Najeriya a 2016, ta lalata wasu gonaki ta bar wasu, ko ambaliya ta shafe ɓangare guda. Lissafin ƙaramin samfuri yana aiki ne idan lambobin sun taru a tsakiya sun ragu a gefe biyu. Idan akwai sifili da yawa, ko wata lamba ta yi fintinkau, gonaki tara ba su isa ba; a nemi 30 ko fiye.

Abin da lissafi ba ya gyarawa

Tazarar amincewa tana auna kuskure iri ɗaya ne tak, wanda ke zuwa daga sa'ar ƙuri'a. Ba ta san sikelinka na ƙara kilo ba. Ba ta san an auna masara da danshi ba, ko an tsallake gonakin mata da na 'yan haya wajen rubuta jeri, ko an musanya gona mai nisa da ta kusa. Idan an yi ɗaya daga cikin waɗannan, ƙara gonaki ba ya magani. Zai ba ka matsattsiyar tazara mai kyan gani wadda ta zagaye lambar ƙarya. Shi ya sa gonaki 20 na ƙuri'a suka fi 200 da aka zaɓa da ido. A gwada sikeli da abin da aka san nauyinsa kafin a fara, mutum biyu su karanta awo, a rubuta nan take.

Hanyar nan ba ta masara kaɗai ba ce. Da ita za a ƙiyasta gyaɗa da dawa da shinkafa, da nauyin buhunan da dillali ya ce kowanne kilo 100 ne, da madarar da saniya ke bayarwa a rana, da makin ɗaliban makaranta. Matakan ba sa canzawa: jeri, ƙuri'a, awo na gaskiya, matsakaici, bambanci, tazara.

Ga sakatarorin ƙungiyoyin manoma, da malaman gona, da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu: ku rubuta jerin gonakinku tun masara na goyo, ku ja ƙuri'a a bainar jama'a, ku adana littafin don shekara mai zuwa. Kuma duk wanda ya zo muku da lamba ɗaya ya ce ita ce amfanin garinku, ku tambaye shi gona nawa ya auna, yaya ya zaɓe su, kuma daga nawa zuwa nawa.